Yadda Ake Fitar da Albarkatun Ƙasa Zuwa Ƙasashe Maƙwabta: Daga Tushe Zuwa Tsallaken Iyaka

Ka duba taswira ka ga inda arzikin ƙasa yake taruwa. Sau da yawa yana can lungu, nesa da babban birni, nesa da teku, amma jifa ɗaya tsakaninsa da wata ƙasa. Tagulla da kobalt na yankin Katanga a kudancin Kongo sun fi kusa da Zambiya a kan Kinshasa, shi ya sa tireloli suke bi ta Kasumbalesa, garin da ke kan iyakar Kongo da Zambiya, su nufi Dar es Salaam ko Durban. Kwal ɗin Tavan Tolgoi da ke hamadar Gobi ta Mongoliya kuwa, masu sayensa suna tsallaken iyakar ƙasar Sin. Bolibiya ba ta da gaɓar teku, ma'adinanta suna fita ta tashoshin Chile irin su Arica, bisa yarjejeniyar 1904 da ta ba ta damar wucewa da kaya. A irin waɗannan wurare maƙwabci shi ne mai saye, shi ne kuma hanya.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya kalli arahar kaya a tushe, ya kalli tsadarsu a ƙetare, ya ɗauka tazarar da ke tsakani duk ribarsa ce. Wannan tazarar tana da masu ci da yawa, kuma manyansu biyu ne: takarda da kwanaki. Wanda ya iya su ya iya sana'ar. Abin da ke tafe na wanda yake son loda mota ne ya bi ta ƙofa, a buga masa hatimi, kuɗinsa su dawo ta banki.

Mataki na farko: tabbatar an yarda kayan su fita

Kafin ka nemi mai saye, ka binciki dokar ƙasar da kayan suke ciki. Gwamnatocin ƙasashe masu arziki sun daɗe da gajiya da ganin ana kwashe ɗanyen abu ana sarrafa shi a waje, don haka suna rufe ƙofa, wani lokaci ba tare da dogon gargaɗi ba. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel tun Janairun 2020 don tilasta a narka shi a gida. Zimbabuwe ta yi haka da ɗanyen litiyom a Disambar 2022. Kongo ta dakatar da fitar da kobalt a Fabrairun 2025 saboda farashinsa ya faɗi. Amfanin gona ma bai tsira ba, domin Indiya ta taɓa hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba a Yulin 2023.

Tambayoyin da za ka kai wa ma'aikatar da abin ya shafa su ne: ana fitar da kayan ɗanye ko sai an sarrafa? Wane lasisi ake buƙata, na mai haƙa ne kaɗai ko ɗan kasuwa ma yana iya samu? Akwai harajin fitarwa ko kason gwamnati da ake biya a kan kowane tan? Ka nemi amsar a rubuce. Maganar baka ta wani jami'i ba ta buɗe ƙofar iyaka.

Wasu kayan kuma duniya ce gaba ɗaya ta sa musu ido. Ɗanyen lu'ulu'u ba ya tsallaka iyaka tsakanin ƙasashen da ke cikin tsarin Kimberley, wanda ya fara aiki a 2003, sai da takardar shaidarsa. Kuza, tantalom, tungsten da zinari daga yankunan rikici suna ƙarƙashin dokar Amurka ta 2010 da ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2021, saboda haka babban mai saye zai tambaye ka ramin da aka haƙo su da hannayen da suka bi. Wasu itatuwa masu daraja, irin dangin Dalbergia tun 2017, sai da izinin CITES, yarjejeniyar duniya da ke sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. In kayanka suna cikin waɗannan kuma ba za ka iya nuna asalinsu ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na biyu: san lambar kayanka

Kwastam ba sa aiki da sunan da kake kiran kayanka da shi a kasuwa. Suna aiki da lamba. Hukumar Kwastam ta Duniya tana da tsarin da ake kira HS tun 1988, inda kowane irin kaya yake da lambobi shida da kusan duk ƙasashe suka yarda da su, sannan kowace ƙasa ta ƙara nata a baya. Huɗun farko su ne ke nuna rukunin kayan, ga misalansu. Ɗanyen dutsen tagulla da garinsa da aka tace suna ƙarƙashin 2603, tagullar da aka gama tacewa tana 7403. Gungumen icce 4403 ne, da zarar an tsaga shi katako ya koma 4407. Ɗanyar auduga 5201, kwal 2701, shanu masu rai 0102.

Wannan lambar ita ce ke faɗar harajin da za a biya a ɗaya gefen, ita ce ke faɗar ko kayan suna cikin jerin waɗanda aka hana. Dubi gungume da katako: icce ɗaya ne, amma a ƙasashe da dama an hana fitar da na farko an bar na biyu. In kana shakka, ka nemi kwastam su yanke maka hukunci a rubuce tun kaya ba su tashi ba. Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2017, ta tanadi wannan. 'Yan kasuwa kaɗan ne suke amfani da damar, kuma ban san dalilin da zai sa mutum ya gwammace gardama a bakin iyaka da mota cike a kan wasiƙa guda ba.

Mataki na uku: awo da inganci, inda ake yanka mutum ba wuƙa

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne uwar kuɗi take zurarewa mutum yana kallo.

Ɗauki misali. Ka loda tan 30 na garin tagulla. Mai saye ba zai biya ka kuɗin tan 30 ba. Da farko zai auna danshi. A ce an samu kashi 8 cikin ɗari ruwa ne, saura tan 27.6 busasshe. Sai ɗakin gwaji ya auna yawan tagullar da ke ciki. A ce kashi 25 cikin ɗari, wato tan 6.9 na ainihin ƙarfen. A kan wannan ake lissafi, yawanci da farashin kasuwar ƙarafa ta Landan, sannan a cire kuɗin narkarwa da tacewa, a cire tara in an samu gurɓatattun abubuwa irin su arsenik fiye da ƙima. Yanzu ka sake lissafin da kashi 23 maimakon 25: ƙarfen ya koma ƙasa da tan 6.4. Maki biyu a takardar gwaji sun cinye fiye da rabin tan na tagulla, alhali kuɗin motar da ka biya bai ragu da ko sisi ba.

Saboda haka samfuri uku ake ɗiba a gaban wakilan ɓangarorin biyu, a liƙe su, a sa hannu a kan liƙin. Ɗaya naka, ɗaya na mai saye, na ukun a ajiye wa ɗakin gwaji mai zaman kansa da kuka amince da shi tun farko, wanda zai raba gardama in sakamakonku ya bambanta fiye da iyakar da kuka rubuta. Kuma a ɗebi samfurin daga sama da tsakiya da ƙasan lodi, daga buhuna daban-daban. Wanda ya bari aka ɗiba daga wuri guda ya yi cinikin biri a sama.

Sauran kaya ma haka suke, ma'aunin ne kawai ya bambanta. Kwal ana duba zafin da yake bayarwa da tokarsa da danshinsa. Auduga tsawon zarenta da tsaftarta. Hatsi danshi da tsakuwa da ƙwari. Dabba kuwa tana ramewa a hanya, don haka a fayyace ko nauyin ranar lodi ne za a biya ko na ranar sauka. Sikelin da za a yi hukunci da shi ma a ambace shi a yarjejeniya, domin sikeli biyu ba su cika faɗar magana ɗaya ba.

Mataki na huɗu: rubuta inda nauyinka ya ƙare

"Zan kawo maka kaya iyaka" ba yarjejeniya ba ce. Wane gefen iyakar? Wa zai biya kwastam? In motar ta kife kilomita biyu kafin ƙofa, asarar wa? Ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya da ke Paris ta tsara ƙa'idoji goma sha ɗaya da ake kira Incoterms, bugun da ake aiki da shi na 2020 ne. Huɗu daga ciki, har da FOB da CIF da kowa ya haddace, na jirgin ruwa ne, bai kamata a liƙa su a kan tirela ba, ko da yake kullum ana yi.

Daga cikin sauran ƙa'idojin, ga mai fitar da kaya ta ƙasa, FCA ya fi kwanciyar hankali: ka gama da kwastam ɗin ƙasarka, ka miƙa kaya ga motar da mai saye ya turo a wurin da aka ambata, nauyi ya sauka daga kanka. DAP yana nufin kai za ka kai kaya har wurinsa a ƙetare, shi ya biya harajin shigarwa. Kuɗinsa ya fi, haɗarinsa ya fi. DDP ka guje shi in ba ka da rajista a ƙasar mai saye, don ka ɗauki alkawarin biyan harajin ƙasar da ba ka san dokarta ba. CPT kuwa yana da tarko ga mai saye: mai sayarwa ne ke biyan kuɗin mota har ƙarshe, amma haɗarin ya koma kan mai saye tun ranar lodi. Kowanne ka zaɓa, ka rubuta sunan wurin dalla-dalla a gabansa.

Mataki na biyar: yadda kuɗi za su zo

Mota ta tsallaka, kai kuma kotun ƙasarka ba ta da iko a can. Wannan shi ne abin tunawa kafin ka ba da bashi. Da sabon abokin ciniki, ko ya ba da wani kaso kafin lodi ya cika sauran da an nuna takardun fita, ko a bi ta takardar lamunin banki. A wannan tsarin bankin mai saye ne yake alkawarin biya in ka gabatar da takardun da aka lissafa. Ƙa'idojinsa, UCP 600, suna aiki tun Yulin 2007, kuma sun ba banki kwanakin aiki biyar ya duba takardu. Banki ba ya ganin kaya, takarda kawai yake gani. Harafi ɗaya da ya saɓa a sunan kamfani yana iya ba shi hujjar ƙin biya, ko da kayan sun isa lafiya lau.

Ku kuma daidaita a kan irin kuɗin da za a biya da shi. In kuɗin maƙwabta yana faɗuwa kuma ka ba da wata biyu, ribar tana iya narkewa kafin ta iso. Ƙasashe da yawa suna tilasta wa mai fitar da kaya ya dawo da kuɗin ta banki cikin wa'adi, kuma sukan haɗa takardar fitarwa da wannan alkawarin. Ka tambayi bankinka wa'adin tun kafin ka sa hannu a kan ranar biya.

Mataki na shida: haɗa takardu, ka sa su faɗi magana ɗaya

Jigon su ne takardar ciniki mai nuna farashi, jerin kaya da nauyinsu, takardar ɗaukar kaya ta mai mota, sanarwar fitarwa ta kwastam, da lasisin da ka samo a matakin farko. Amfanin gona da katako suna buƙatar shaidar lafiyar tsirrai, dabbobi da fatu shaidar likitan dabbobi. Har katakon da aka ɗora kaya a kai yana da doka, ISPM 15: a gasa shi cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani, a buga masa tambari.

Takardar da ta fi kawo kuɗi ita ce shaidar asalin kaya. Maƙwabta galibi suna cikin ƙungiyar ciniki ɗaya, irin su ECOWAS, COMESA, Mercosur ko ASEAN, kuma kayan da aka haƙo ko aka noma gaba ɗaya a ƙasa memba su ne suka fi sauƙin samun rangwamen haraji ko yafewa. Amma rangwamen ba ya zuwa da kansa. Ba shaida, cikakken haraji. Ƙananan 'yan kasuwa su tambaya ko akwai sauƙaƙan tsari. A Ƙungiyar Gabashin Afirka, misali, kayan da ba su wuce dala 2,000 ba suna da gajeriyar takardar asali da ake samu a bakin iyaka.

Na taɓa tsayawa kusa da wata tirela ina kallon jami'i yana bin takardu da ɗan yatsa. Jerin kaya ya ce kilo 28,400, takardar mai mota ta ce 28,040. Wani magatakarda ne ya juya lambobi biyu. Jami'in bai ɗaga murya ba. Ya zagaya bayan motar, ya kama ƙarfen hatimin ya karanta lambarsa, ya dawo ya miƙa wa direban takardun, ya nuna masa filin ajiye motoci da haɓa. Ranar Juma'a ce da yamma, ofishin da zai gyara takardar yana can garin da aka yi lodi, kuma sai Litinin. Direban ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tirela, ya fito da risho. Tun daga ranar nake jera takardu a kan tebur kafin mota ta tashi, in bi abu biyar ɗaya bayan ɗaya: nauyi, adadi, lambar HS, lambar mota, lambar hatimi.

Kada ka rage farashi a takarda don harajin ya sauka. Kwastam suna da bayanan farashin da irin kayanka suka saba wucewa da shi, kuma albarkatun ƙasa farashinsu a bayyane yake a kasuwannin duniya. Garin neman ƙiba a samo rama: tara, riƙe kaya, sannan sunanka ya shiga jerin waɗanda ake sauke wa lodi a bincika kowane zuwa.

Mataki na bakwai: mota, hanya da ejan

Ma'adinai suna da nauyi, motar takan kai iyakar nauyinta tun ba ta cika ba. Kowace ƙasa tana da iyakar abin da kowane layin taya zai ɗauka, kuma ta maƙwabta tana iya zama ƙasa da taku. Ka loda bisa mafi tsananin dokar da ke kan hanyarka, in ba haka ba za a sa ka rage kaya a gefen titi ka nemi wata motar. Direba ya riƙe fasfo, lasisin da ake karɓa a can, izinin shigar mota, da inshorar da ke aiki a ƙetare: katin ruwan ɗorawa a COMESA, katin ruwan ƙasa a ECOWAS, koren kati a Turai. Wannan inshorar ta ɓarnar da mota za ta yi wa wasu ce. Ta kayanka daban take, kai ko mai saye wani ya saya.

A tambayi mai mota kwana nawa ya yafe na jira, da nawa zai caja a kowace rana bayan nan. A Kasumbalesa layin tireloli yakan yi kilomita da dama, kuma a irin wannan layin kuɗin jira ne yake cinye ribar ƙaramin ɗan kasuwa. Inda aka haɗa jami'an ƙasashen biyu a rufi ɗaya, kamar Chirundu tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tun Disambar 2009, tsayawa ɗaya ake yi maimakon biyu. Wani lokaci hanya mai nisa da ƙofa mai sauri ta fi gajeriya arha. Jirgin ƙasa ma yana da nasa cikas: a Khorgos, kan iyakar Sin da Kazakistan, faɗin layin dogon Sin milimita 1,435 ne, na Kazakistan 1,520, dole a ɗaga kwantena daga wannan jirgi a ɗora a wancan.

In maƙwabciyar hanya ce kawai, kayan za su wuce wata ƙasa ta uku, to ba a biyan harajin shigarwa, amma ana ajiye jingina da ke tabbatar da cewa ba za a sauke su a hanya ba. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar TIR ta 1975 suna amfani da takarda ɗaya da hatimi ɗaya tun daga farko har ƙarshe. A wasu wuraren jinginar yanki ce ko ta kowace ƙasa. Abin da ake mantawa shi ne sakin jinginar: sai ofishin fita ya tabbatar kayan sun bar ƙasar, in ba a rufe fayil ɗin ba za a biyo ka da harajin kayan da suka daɗe da wucewa.

Ejan kuwa, wato wakilin da zai shigar maka da takardu a kwastam, ka ɗauki mai lasisin kwastam, ka ga lasisin da idonka. Kana buƙatar ɗaya a kowane gefe. Ka tura musu takardu kwanaki kafin mota ta iso don su shigar da sanarwa tun da wuri. Duk abin da ejan ya ce an biya, ya kawo rasit na hukuma. Wanda ya ce maka ya san wata hanya ta bayan gari da ba a tambayar takarda, fasa-ƙwauri yake kira maka da suna mai daɗi, kuma ranar da aka kama motar sunanka ne a kan kayan.

Mataki na takwas: fara da mota ɗaya, ka bi ta da kanka

Zuwa da kai ya fi aike. Lodin farko ka ɗauke shi a matsayin kuɗin makaranta: mota ɗaya, kai a gaba kusa da direba, littafi a hannu. Rubuta ƙarfe nawa kuka isa kowane shinge, ƙarfe nawa kuka bar shi, me aka tambaya, me aka biya, wane ofishi ne yake rufewa da wuri, wace rana na'urar kwastam ta fi yawan tsayawa. Ka karɓi lambar wayar ofis ta kowane ejan da ta ma'aikacin sikeli.

Da ka dawo, ka zauna ka raba duk abin da aka kashe a kan busasshen tan ɗin da aka biya ka, ba wanda ka loda ba. Ka sa har kwanakin da kuɗinka suka yi a ɗaure tun daga ranar sayen kaya zuwa ranar da banki ya sanar da kai. Sannan ka duba abin da motar za ta ɗauko a dawowa. Yankunan haƙar ma'adinai suna shigo da abubuwa da yawa, man fetur, siminti, kayan gyaran injuna, sinadaran tace ƙarfe, kuma mai motar da ya san ba zai dawo fanko ba yakan sauke kuɗin zuwa. Kwafin kowace takarda ta wannan tafiyar ka adana shi a fayil guda, domin kwastam suna da ikon dawowa su binciki lodin da ya wuce bayan shekaru, kuma abin da za su fara nema shi ne shaidar asali da takardar da ta nuna kuɗin sun shigo ta banki.